Horon Sabon Inji: Awa Ashirin na Farko da Abin da ke Biyo Baya

 

An umarce ni da in yi magana a kan inji, kasancewar darasin fasaha nake koyarwa. Duk wanda ya dubi baburan da ke jere a gindin bishiyoyin da ke wajen wannan ɗaki ya san dalilin zaɓen wannan batu. Mafi yawanmu a kan babur muke zuwa makaranta. Da yawa daga cikinmu kuma, da zarar an kawar da amfanin damina, sai mu gangara fadama ko bakin madatsar ruwa, ko Watari ta Bagwai, ko Tomas ta yankin Dambatta, ko Jakara ta Wasai, domin noman rani ya cike giɓin da albashi ya bari. Kakanninmu da jigo suka yi ban-ruwa. Tun daga shekarun 1980, lokacin da hukumar KNARDA ta shiga yaɗa ƙananan injina da rijiyoyin fadama, sannan shirin Fadama na Bankin Duniya ya biyo baya a farkon shekarun 1990, jigo ya ja da baya, inji ya karɓi aikinsa. Yau kuwa malami kan sayi injin nan ne da bashin ƙungiyar taimakon kai da kai, ana cire kuɗin daga albashinsa wata-wata. Idan injin ya buga a wata na huɗu, cirewar ba ta tsayawa, kuma tumatir ba ya jiran a gama gyara.

Babur ɗinmu, da injin ban-ruwa, da babban janareta, duk iri ɗaya ne a cikinsu, wato inji mai mataki huɗu, wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. Fistin yakan sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ƙarfin ƙonewar ya turo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Bawul biyu ne ke tsaron ƙofa, ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Wannan ya bambanta da ƙaramin janaretan nan da ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur, wanda mataki biyu gare shi. Mai mataki huɗu yana da ma'ajin baƙin mansa daban, kuma ba a zuba masa baƙin mai a tankin fetur.

Ga ɗan lissafi domin malaman lissafi da ke cikinmu. Injin ban-ruwa irin Honda GX160, da sauran waɗanda aka kwaikwaye shi da ke cike da shagunan Sabon Gari, yakan juya sau 3,600 a minti ɗaya idan an ba shi wuta sosai. Sau 60 ke nan a daƙiƙa, kuma a cikinsu wuta na tashi sau 30. A cikin awa 20 ya yi juyi miliyan huɗu da dubu ɗari uku da ashirin. Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a duk wannan gudu shi ne ɗan baƙin man da bai kai lita ɗaya ba, kusan lita 0.6.

To, me ya sa na ambaci awa ashirin? Manomi ba ya sayo ɗan maraƙi yau ya ɗaura masa garma gobe ya ce a huɗe eka uku. Sai an hore shi. Sabon inji ma haka yake, sai dai dalilinsa na ƙarfe ne. Cikin silinda sabuwa ba sumul yake ba. Da gangan maƙera suka bar masa ƙananan zane-zane masu gicciye juna, domin su riƙe mai, kuma domin zobban fistin, waɗanda makanikai ke kira ringi, su goge kansu a jiki har su zauna daram. Wannan gugar a sa'o'in farko take faruwa, kuma sau ɗaya take faruwa. In ta yi kyau, injin zai riƙe matsinsa shekaru. In ta ɓaci, zai fara shan mai da hayaƙi tun yana sabo, kuma babu wani juyen mai da zai gyara shi sai an buɗe shi.

Hanya biyu ake ɓata ta. Ta farko kowa ya san ta: a sauko da inji daga kwali a kai shi gona, a buɗe masa wuta har ƙarshe daga hantsi zuwa magariba. Zafi ya yi yawa, man ya tsinke, zobe ya karce bangon silinda. Ta biyun ita ce ta masu taka-tsantsan, kuma ita na fi son a lura da ita, domin ana yin ta da kyakkyawar niyya. Mutum ya tayar da sabon inji ya bar shi yana ta aiki a hankali wuni guda ba tare da wani nauyi a kansa ba, wai yana lallaɓa shi. Alhali matsin ƙonewa ne ke tura zobe ya manne da bango. In babu nauyi babu matsi, sai man ya ƙone a kan bangon ya bar wani santsi kamar an shafa masa fenti, zoben kuma ya kasa zama har abada. Abin da ake so shi ne tsaka-tsaki: a bar shi ya ɗumama na 'yan mintoci, a ba shi aiki na rabin ƙarfinsa zuwa kashi uku cikin huɗu, a riƙa sauya gudun, a kuma riƙa ba shi hutu ya huce. Mai sabon babur ma haka: kada ya ɗauki mutum uku da buhun taki, kada ya ƙure totur a kan titin Kano zuwa Daura, kuma kada ya tsaya a gudu ɗaya na dogon lokaci.

Kafin duk wannan akwai abin da ya fi sauƙi kuma ya fi kashe injina. Yawancin ƙananan injinan nan babu mai a cikinsu ake sayar da su. A buɗe murfin a duba da ido kafin a ja igiya. Injin ban-ruwa kuma sai an cika tukunyar famfonsa da ruwa kafin a tayar da shi, domin abin da ke hana ruwa yoyo a cikinsa da ruwan yake sanyaya, in ya juya a bushe nan da nan yake ƙonewa. A kuma girke shi a wuri mai daidai. Waɗannan injina ba su da famfon mai. Wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistin ke tsoma kai cikin man yana fantsama shi. In an jingine injin a gangaren rafi, man ya taru gefe ɗaya, cokalin yana dukan iska.

Idan awa 20 ta cika, ko wata ɗaya, duk wanda ya riga zuwa, sai a juye man farko tun injin yana da ɗumi. Wanda ya tari man nan a farin kwano ya kai shi rana zai ga yana ƙyalli. Garin ƙarfe ne da gugar ta fitar, kuma tun da waɗannan injina ba su da matatar mai, duk abin da ba a zubar ba zai ci gaba da zagayawa yana cin injin. Daga nan littafin Honda ya ce a juye duk bayan awa 100 ko wata shida. Mutane sukan riƙe wata shidan su manta da awa ɗarin. Wanda ke ban-ruwa awa takwas a rana yakan cika awa 100 cikin kwana goma sha uku. A lokacin zafin Maris da Afrilu, ni a ganina, gara ma a rage. Na babur kuwa da kilomita ake lissafa shi, kuma adadin yana cikin littafin da ya zo da shi, littafin da akan bari a cikin leda a ƙarƙashin katifa.

A sayi mai a rufaffiyar roba daga wurin da aka amince da shi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba a san tarihinsa ba. Wasu injinan kuma suna da na'urar da ke kashe su idan mai ya yi ƙasa. Akan samu wanda zai cire wayarta saboda wai tana damunsa. Wannan daidai yake da korar maigadi don ya cika tashin mutane idan ya ga ɓarawo.

Sai batun saiti, kuma a nan zan ɗan daɗe. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ke neman hanyar da lita za ta ƙara nisa. Abin da ya yaɗu shi ne a je wa bakanike a ce ya matse kafireto don inji ya rage shan mai. Gaskiya ne zai rage kaɗan. Amma fetur ba ƙonewa kawai yake yi a cikin inji ba, yana kuma sanyaya shi. Idan iska ta rinjayi fetur fiye da ƙima, wutar takan yi zafi ƙwarai, bawul ɗin fita ya ƙone, wani lokaci kan fistin ma ya huje. Abin da aka tara na fetur a wata uku sai ya tafi a rana ɗaya a Ƙofar Ruwa wajen sayen kayan gyara.

Abin sha'awa, waɗanda suka fi kowa kiyaye wannan ƙa'ida su ne masu wasan tuƙa ƙananan jiragen sama da na'urar hannu a Japan da Turai da Amurka. Kamfanin O.S. na birnin Osaka ya fitar musu da inji mai mataki huɗu a 1976, wanda cikinsa bai wuce cc 10 ba, alhali na ban-ruwanmu cc 163 ne. Ɗan abu ne da zai zauna a tafin hannu, amma da bawul ɗinsa biyu kamar namu. Idan sun sayi sabo, sukan ɗaure shi a kan benci su buɗe masa mai ya wadata, su ƙona tanki bayan tanki kafin su fara matsewa kaɗan-kaɗan, kuma ko bayan ya horu sukan bar shi da ɗan rinjayen mai. Dalilinsu a fili yake: injin da ya mutu a sama, jirgin ne gaba ɗaya zai faɗo.

Inji yana faɗin halin da yake ciki ga wanda ya iya karatunsa. A kwance fulogi a dubi bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, saiti ya yi daidai. In ya yi baƙi da busasshen kunkunniya, fetur ya yi yawa ko iska ba ta isa. In ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, kuma haɗari na kusa. In ya jiƙe da mai, zobba sun gaji. Hayaƙi ma haka: baƙi na yawan fetur ne, mai shuɗi-shuɗi na ƙonewar baƙin mai ne. Tazarar bakin fulogin irin waɗannan injina milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Kuma kafin a zargi kafireto a fara duba matatar iska, domin sau da yawa ita ce ta toshe, ko kuma an manta cok a rufe bayan inji ya tashi.

Matatar iskar nan, a ƙasarmu, ta kusa kai baƙin mai muhimmanci. Noman rani da hunturu tare suke zuwa. Littafi ya ce a wanke ta duk awa 50, ya kuma ƙara da cewa a yawaita a wuri mai ƙura, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura muke shaƙa. In ta soso ce, a wanke da ruwan sabulu, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata mai kaɗan a matse. In ta takarda ce, a kakkaɓe a hankali, in ta ƙi a sake. Cire ta gaba ɗaya don inji ya ƙara ƙarfi shi ne mafi munin abin da za a yi, domin ƙurar da ta gauraya da mai takan zama kamar dutsen wasa wuƙa a cikin silinda. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuma a tace shi kafin a zuba, kada a juye har ƙasan galan inda ruwa da datti ke kwanciya.

Bawul na buƙatar a duba tazararsa sau ɗaya a shekara ko bayan awa 300, kuma sai inji ya yi sanyi ake aunawa. A wasu samfura milimita 0.15 ne na shiga, 0.20 na fita, a wasu kuma ƙasa da haka, saboda haka a kai wa bakanike littafin tare da injin, a kuma tabbatar yana da ma'aunin, ba da ido zai yi ba. Haka nan kada a yarda a ja zaren gwamnan inji, wato abin da ke hana shi wuce gudunsa, don ruwa ya ƙara fita.

Idan damina ta sauka aka ɗauke inji daga fadama, kada a jefa shi ɗaki haka nan. A zubar da ruwan famfo, a tsiyaye fetur daga tanki da kafireto, domin in ya kwana watanni yakan zama danƙo ya toshe ƙananan ƙofofi. A juye mai, a ɗiga kamar cokali ɗaya na sabon mai ta ramin fulogi, a ja igiya a hankali sau biyu ko uku, a mayar da fulogin, sannan a sake ja har a ji ta yi tauri a tsaya. A nan bawul biyun suna rufe, laima ba za ta shiga ba.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi rai, kuma ina roƙon iyayenmu mata su kai shi gida. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Kada a tayar da shi a cikin ɗaki, ko zaure a rufe, ko gindin tagar da yara ke barci, ko da ruwan sama ake yi.

Ina da shawara biyu ga reshe. Ta farko, duk wanda ƙungiyar taimakon kai da kai za ta ba bashin inji ko babur, a haɗa masa da kuɗin man juye biyu na farko a cikin bashin, domin lokacin da awa 20 ke cika shi ne daidai lokacin da aljihu ya bushe. Ta biyu, kowane mai inji ya ware littafin rubutu guda, ya riƙa rubuta ranar aiki da yawan awanni da ranar juye, kamar yadda muke cika rajistar aji kowace safiya. Wanda yake da ɗa a ƙaramar sakandare ya damƙa masa wannan aiki. Ni kuma a shirye nake, idan shugabannin makarantu sun amince, in zo da tsohon inji mu buɗe shi a gaban ɗalibai da duk malamin da ke so, a kowace makarantar da ta gayyace ni cikin zango mai zuwa.

 Allah ya sa albarka a cikin abin da muke nema.