Ziyarar Damagaram a Lokacin Hutu

Duk mutumin Gumel, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, wanda Allah ya hore masa hutu da ɗan guzuri, kuma yake sha'awar ganin birni mai tarihi inda ake aikin hukuma da Faransanci, ba sai ya yi tunanin Faris ba, domin idan ya ƙetare iyaka daga Maigatari, ya canja nairarsa zuwa sefa, ya miƙa arewa, Damagaram ce za ta tarye shi, wadda Faransawa ke kira Zinder.

A unguwar Birni, tsakanin manyan duwatsu da lunguna masu gidajen ƙasa da aka yi wa zane a fuska, nan fadar Sarkin Damagaram take, da ragowar ganuwar da ake danganta ta ga Sarki Tanimu, wanda a ƙarni na 19 har igwa ake ƙerawa a garinsa. Faransawa sun ci birnin a 1899, shekara guda bayan kashe hafsansu Kazemaju, suka mai da shi helkwatar mulkinsu har 1926, sa'ad da suka koma Yamai. Unguwar Zango kuwa ta fatake ce tun zamanin ayarin Azbin.

A ganina, abin ta'ajibi shi ne alluna duk Faransanci ne, alhali a kasuwa da masallaci Hausa zalla baƙo zai ji, har ya manta ya bar Jigawa. Sai dai ya riƙe takardunsa, don jandarmomi ba su san zumunci ba.