DARUSSA UKU DAGA MAKARANTUN SAKANDARE NA AMURKA: TUƘI, TATTALIN GIDA DA TURANCIN BAƘI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu



An nemi mu yi magana a kan ilimin da yaro zai fita da shi daga makaranta ya amfani kansa tun kafin ya samu aikin albashi. Saboda haka muka ga ya dace mu leƙa makarantun sakandare na gwamnati a ƙasar Amurka, mu duba darussa uku da suka daɗe suna koyarwa: tuƙin mota, tattalin gida, da Turanci domin yaran da suka zo baƙi. Za mu faɗi yadda kowanne ya samo asali, da inda ya yi nasara, da inda ya gaza.

KOYON TUƘI

A yawancin garuruwan Amurka, in ka fita daga manyan birane, motar haya ba ta wadata ba. Wanda bai iya tuƙi ba zuwa aiki ma wahala yake yi masa. Wani malamin jami'a mai suna Amos Neyhart shi ya fara koyar da tuƙi a matsayin darasi a makarantar sakandaren garin State College, a jihar Pennsylvania, cikin shekarun 1930, kuma da motarsa ya fara. A 1949 aka yi taron ƙasa aka tsayar da ma'aunin da ya shahara: awa 30 a aji ana koyon dokokin hanya da alamominta, sannan awa 6 ɗalibi yana riƙe da sitiyari. Motar koyon tana da birki na biyu a gefen malami, domin in yaro ya rikice malam ya taka.

To, amma gwamnatin tarayyar ƙasar ba ta tsaya ga kyakkyawan zato ba. A ƙarshen shekarun 1970 ta ɗauki nauyin wani babban bincike a gundumar DeKalb ta jihar Jojiya, inda aka raba ɗalibai kimanin 16,000 gida uku: masu dogon horo, masu gajeren horo, da waɗanda makaranta ba ta koya wa komai ba. Sakamakon ya ba mutane mamaki. Raguwar haɗari tsakanin waɗanda aka horar kaɗan ce, kuma ba ta daɗe ba. Bugu da ƙari, darasin ya sa yara da yawa sun karɓi lasin da wuri, suka hau titi da ƙuruciya. Daga nan tallafin tarayya ya ja baya, makarantu da dama suka bar darasin a hannun 'yan kasuwa.

Abin da ya biyo baya shi ne lasin mai hawa uku, wanda jihar Filorida ta yi gaba wajen kafa shi a 1996, sauran jihohi suka bi. Da farko yaro ba ya tuƙi sai da babba a gefensa, kuma jihohi da yawa suna neman awa 50 na irin wannan tuƙi, 10 daga ciki da dare. A hawa na biyu yana tuƙi shi kaɗai, amma an hana shi fita da tsakar dare, an kuma ƙayyade yawan sa'o'insa da zai ɗauka. Sai ya wuce wannan lafiya yake samun cikakken lasin. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa.

TATTALIN GIDA

Wannan darasi masana kimiyya ne suka kafa shi. Ellen Swallow Richards ita ce mace ta farko da Cibiyar Fasaha ta Massachusetts ta ɗauka ɗaliba, kuma ta yi suna wajen gwajin tsabtar ruwan sha. Ita da abokan aikinta suka riƙa taro a Lake Placid tun daga 1899, da hujjar cewa abinci, ruwa, tufafi da kuɗin cefane abubuwa ne da ake iya aunawa a kuma koyar. A 1917 dokar Smith-Hughes ta ware kuɗin tarayya domin koyar da noma, sana'o'in hannu da tattalin gida a makarantun sakandare.

Shekaru da dama 'yan mata ne ke shiga ajin girki da ɗinki, samari kuma ajin kafinta da ƙira. Dokar ilimi ta 1972, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a makarantun da ke cin kuɗin tarayya, ita ta buɗe ƙofofin biyu ga kowa. A 1994 masu fannin suka sauya masa suna zuwa ilimin iyali da na mai saye. A irin wannan aji ana koyon haɗa abinci mai gina jiki, da renon jariri, da karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani, da tsara kasafin wata, da lissafin kuɗin ruwan da bashi ke tarawa. Sai dai makarantu da yawa sun rage shi, saboda tsadar kayan aiki, da ƙarancin malamai, da kuma fifita darussan da ake jarrabawa a kansu.

TURANCI DOMIN BAƘI

Baƙo, ko da idonsa, makaho ne. A birnin San Francisco, yara 'yan asalin ƙasar Sin kimanin 1,800 suna zaune a aji ba sa fahimtar malami, kuma ba a ba su wani taimako na musamman. Iyayensu suka kai ƙara. A 1974, a shari'ar da aka sani da Lau da Nichols, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa ba wa yara littafi ɗaya da malami ɗaya bai zama adalci ba matuƙar wasunsu ba sa jin harshen da ake karatu da shi. A 1982 kotun ta ƙara da cewa jiha ba ta da ikon hana yaro makarantar gwamnati don ba shi da takardar zama.

A 2021 yara sama da miliyan 5, wato kusan ɗaya cikin kowane goma na ɗaliban makarantun gwamnati, suna cikin wannan rukuni. Mafi yawansu masu jin Sifaniyanci ne, amma akwai 'ya'yan Hausawan Ghana da Nijar da Nijeriya mazauna unguwar Bronx ta New York. Ranar da aka kai yaro rajista ana tambayar iyaye harshen da ake yi a gida, a gwada Turancinsa, a sa shi a matakin da ya dace, sannan a sake gwada shi duk shekara. Wani masani mai suna Jim Cummins ya nuna cewa yaro yakan iya Turancin hira cikin kamar shekara biyu, amma Turancin littafi da jarrabawa yakan ci shekara 5 zuwa 7. Wannan bambanci shi ke ruɗin iyaye: sun ji yaro yana zuba Turanci da abokansa, ga shi kuma ya faɗi jarrabawa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Jama'a, waɗannan abubuwa ba baƙi ba ne a wurinmu. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a Nijeriya a 1982 ya zo da tattalin gida da gabatarwar fasaha a ƙaramar sakandare, kuma da yawa daga cikinmu mun ga injinan da aka sayo suna tsatsa don babu lantarki ko babu malami. Samarinmu a tasha suke koyon mota, daga yaron mota zuwa direba, ba wanda ya zaunar da su a kan alamomin hanya, alhali dokar ƙasa ta ce sai mai shekara 18 ake ba lasin. Yaron da muka ɗauko daga gida muka kai birni kuwa, shi ne baƙon da muka yi bayani: da Turanci ake koya masa lissafi da kimiyya, da shi zai rubuta WAEC da NECO.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na farko, duk wanda zai riƙe ɗan ɗan'uwansa a birni ya sa a gwada karatun Turancinsa kafin a zaɓa masa aji, ya kuma nema masa darasin yamma, kada a yi gaggawar ce masa daƙiƙi. Na biyu, kafin mu sayi keken ɗinki ko murhu mu kai makarantar garinmu, mu tabbatar akwai malamin da zai koyar da kuma kuɗin gyara, sannan ajin ya haɗa da yara maza, domin su ma za su riƙe gida su yi cefane. Na uku, in za mu ɗauki nauyin koya wa matasa tuƙi, mu kai su makarantar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, mu kuma haɗa kowannensu da tsohon direba mai natsuwa na tsawon watanni kafin a sakar masa mota da fasinja. Binciken Jojiya ya isa gargaɗi cewa 'yan awoyi a aji ba sa mayar da yaro direba.

Muna roƙon kwamitin ilimi ya duba waɗannan shawarwari, ya fitar da kuɗin da kowacce za ta ci, ya kawo rahoto a taro mai zuwa.