Rajistar Asibiti Ma Tarihi Ce: Jawabi Ga 'Yan Uwa Ɗalibai a Alƙahira

 

Da yawanmu mun sha wucewa ta Titin Mu'izz, mun ga asibitin da Sarki Ƙalawun ya fara ginawa a 1284. Mafi yawan ginin ya rushe, amma takardar waƙafinsa ta tsira, kuma daga ita aka san yadda ake ɗaukar likitoci da kula da majinyata. Haka Ƙasrul Aini: an kafa makarantar likitancin a Abu Za'abal a 1827, aka dawo da ita Alƙahira a 1837, a nan Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a 1851. Masanin tarihi Khaled Fahmy kuwa, da rahotannin likitoci da na 'yan sanda da ke taskar ƙasa ya fito da rayuwar talakan Masar na wancan ƙarni. Talakan da littafin sarakuna ya manta, sau da yawa a rajistar asibiti ake samun sunansa.

To, amma takarda ba ta da ƙarfi. A Disamban 2011 wuta ta cinye Cibiyar Ilimi ta Masar kusa da Tahrir, ruwan 'yan kwana-kwana ya jiƙe abin da ya saura. Aka kwashe zuwa Darul Kutub, masu sa kai suka yi ta busarwa.

Ga abin da masu gyara ke koyarwa. Jiƙaƙƙiyar takarda kan yi fumfuna cikin kwana biyu. A shanya ta a inuwa, ko a daskarar da ita. A cire allura da ƙarfe, tsatsa na cin takarda. Don Allah ban da salatif! Yagaggen wuri da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama ake liƙe shi, don ana iya warewa gobe. Sannan a ɗauki hoto, a ɓoye sunan majinyaci, domin sirrinsa amana ne ko bayan ransa.

'Yan uwa, a gida ma akwai tsofaffin rajistoci a sito, gara da damina na jiransu, alhali a ciki tarihin sanƙarau da kuturta yake. Wanda ya je hutu, ya tambayi ma'ajin takardun asibitin garinsu halin da suke ciki, ya nemi shawarar Gidan Arewa a Kaduna. Da tambaya ake farawa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.