Hedimasta da Kuɗin Jama'a



Mu da muka fito daga ƙasar Kankiya da Kusada mun san hedimasta da alli a hannu. Koyarwa ya koya a kwalejin horon malamai, kuma ita aka ɗauke shi ya yi. Amma a yau an ɗora masa wani aiki na dabam, watau sayen siminti da kwano da bencina da kuɗin jama'a, alhali kuwa a kwaleji ba a koya masa ko yadda ake neman farashi a rubuce ba.

Ga yadda abin ya zo. A 2004 aka kafa dokar ilmin bai ɗaya, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko. Daga baya aka kakkafa kwamitocin kula da makarantu, masu haɗa iyaye da malamai da dattawan gari. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na ilmin 'yan mata, da Jihar Katsina cikin jihohi 7 na farko, kuma a ƙarƙashinsa aka riƙa tura kuɗin gyara ga makarantun kansu. Kuɗi ya sauko ƙauye, to, ina sanin ƙa'idar kashe shi?

Ƙa'idar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Dokar sayayyar gwamnati da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan jiharmu, ya sa wa hannu a 2007 ta ce ko ƙaramar sayayya ce a nemi farashi daga mutum 3 waɗanda ba su da alaƙa da juna. Ta kuma haramta gutsuttsura kwangila domin a kauce wa tanda. Dokar ta Tarayya ce, amma wannan ma'auni shi ne odita ya kan zo da shi ko'ina.

Ra'ayinmu shi ne, yawancin saɓa ƙa'ida a makarantunmu ba sata ba ce. Hedimasta ya kan aiki kafinta saboda ya san shi, ya biya shi kafin ya ga bencin, rasit kuwa ya ɓace cikin aljihun riga. Horo na gaskiya ya kan gyara wannan. Ya kan kuma ba shi abin da ya fi muhimmanci, watau bakin cewa a'a. Idan wani babba ya turo ƙaninsa da takarda, hedimastan da ya san doka ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, ba ni na hana ba, sai an kawo farashi uku." Wanda bai sani ba kuwa sai ya sa hannu, ranar bincike shi kaɗai za a kira.

Sai dai kwas na yini biyu a Katsina, da kuɗin mota da takardar shaida, bai isa ba. Gobe a canja wa hedimasta wurin aiki, ilmin ya bi shi. Saboda haka a horar da ma'ajin kwamiti tare da shi, da wakiliyar mata, a cikin makarantarsu, da Hausa, da takardun da za su cika da hannunsu. A kuma manna lissafin a bangon ofis inda kowane uba zai gani.

Mu ɗalibai da ke komawa gida hutu, muna iya zama da kwamitocin nan mu karanta musu takardun da aka rubuta da Turanci. Muna roƙon ƙungiyarmu ta sa wannan cikin shirin hutu mai zuwa. Wassalam.