Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Masu Koyon Gyaran Agogo

 

An nemi in yi wa matasan da ake yayewa yau magana a kan darajar sana'ar da suka koya. Maimakon doguwar nasiha, zan ba su labarin gida guda na maƙeran agogo, wato Patek Philippe na birnin Janeba a ƙasar Suwizalan, don su ga inda wannan aiki ke iya kai mai shi.

Wanda ya kafa gidan ɗan gudun hijira ne. Antoni Patek sojan doki ne ɗan ƙasar Polan, ya bar gida bayan Rasha ta murƙushe boren da mutanensa suka tayar a 1830. A 1839 ya haɗa jari da wani maƙerin agogo, Franciszek Czapek, suka buɗe shago a Janeba. Shi Patek ya fi gwaninta a ciniki da sanin manyan mutane. Gwanin hannu sai a 1844 ya same shi, a wani bajekoli a Faris: Bafaranshe mai suna Adrien Philippe. A wancan zamani agogon aljihu da ɗan makulli ake wana shi, in makullin ya ɓace, agogo ya zama ado. Philippe ya fito da dabarar wana agogo da saita lokaci ta ɗan kan nan da ke jikinsa, wanda har yau kowa ke murzawa da yatsu biyu. A 1851 kamfanin ya ɗauki sunan Patek da Philippe, kuma a shekarar nan Sarauniya Biktoriya ta mallaki agogonsu a babban bajekolin Landan.

Da tattalin arzikin duniya ya karye, gidan ya shiga matsi. A 1932 wasu 'yan'uwa biyu na zuriyar Stern, waɗanda ke ƙera wa kamfanin fuskar agogo, suka saye shi. Har yanzu yana hannun zuriyarsu.

Ku saurari wannan da kyau. Wani mai banki a Niyok, Henry Graves, ya ba da kwangilar agogon aljihun da zai kere kowane agogo. Aka miƙa masa a 1933, bayan shekaru ana zane, ana goga, ana harhaɗawa. Ban da faɗin ƙarfe nawa, yana yin ayyuka 24. Yana sanin tsawon kowane wata har da shekarar da Fabrairu ke da kwana 29, yana kaɗa ƙararrawa ya sanar da lokaci a cikin duhu, yana nuna fitowar rana da faɗuwarta, yana ma nuna taurarin da ke sararin Niyok da dare. Babu batir, babu kwamfuta, sai ƙarfe da haƙoran ƙarfe da lissafi. A 2014 aka yi gwanjonsa a Janeba, ya tashi kusan dala miliyan 24.

To, me mai saye yake biya? Ba daidaiton lokaci ba ne. A Disambar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir, kuma kafin a ankara irinsa ya cika kasuwannin duniya da araha. Masana'antun Suwizalan suka yi ta rufewa, wajen kashi biyu cikin uku na ma'aikatan agogo a ƙasar suka rasa aiki. Gaskiyar magana, agogon roba da yaro ke ɗaurawa zuwa makaranta ya fi na attajiri riƙe lokaci. Akwai kuma son a sani a cikin lamarin, kada mu yaudari kanmu; wani yana saye ne kawai don a ga hannunsa a taro.

Amma abin da ya tsayar da gidan da ƙafafunsa, a ganina, shi ne gyara. Agogon batir mai araha in ya mutu jefarwa ake yi. Wanda ake wanawa kuwa ana kwance shi, a wanke, a sa mai, a sauya abin da ya cinye, ya ci gaba da bugawa a hannun jika. Patek Philippe na riƙe da littattafan da aka rubuta lambar kowane agogo da ranar sayar da shi tun 1839, ya kuma ɗauki alkawarin gyara duk wanda ya taɓa ƙerawa, ko da sai an sake ƙera ɓangaren da hannu. Wannan alkawari yana kan wuyan mutum mai zama irin naku, da gilashi a ido da ɗan hantsaki a hannu.

Saboda haka, 'ya'yana, ko teburinku a bakin kasuwa yake, ku ajiye littafi. Ku rubuta agogon wa kuka karɓa, me kuka cire, me kuka sa. Wanda ya kawo jabu yana zaton na gaske ne, ku faɗa masa cikin ladabi. Agogon da ya fi ƙarfin kayan aikinku, ku mayar wa mai shi a rufe, domin sau da yawa na gado ne, ba shi da madadi.

 Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya ƙara muku ƙarfin ido, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ranka ya daɗe shugaban taro, da izininka sai a fara kiran sunaye a miƙa takardun shaida.