Kanjamau da 'Yan Aiken Jiki: Jawabi a Taron Ɗaliban Rurum



Tun 1986 da aka fara ba da rahoton cutar ƙanjamau a Nijeriya muke jin cewa tana karya garkuwar jiki, amma ba kasafai ake bayyana mana yadda take yi ba. Wannan shi ne abin da nake so mu duba yau.

A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, kuma jagorarsu ita ce wadda likitoci ke kira CD4. Lafiyayyen mutum yana da 500 zuwa 1,500 a ɗan mitsitsin ɗigon da ake aunawa. Idan suka gaza 200, to cuta ta ci ƙarfinsa. Waɗannan mayaƙa ba su fita sai an yi musu yekuwa, masu yekuwar kuwa wasu sinadarai ne da ake kira saitokin, wato 'yan aiken jiki, irin su TNF da intalukin-6.

To ga inda gizo yake saƙa. Ƙwayar ƙanjamau tana ɓuya ne a cikin CD4 ɗin kansu, kuma ta fi hayayyafa a cikin waɗanda aka zaburar. Ashe ke nan duk lokacin da 'yan aike suka buga gangar yaƙi, sai ƙwayar ta sami sabbin gidaje. Gangar ba ta yin shiru dare da rana, shekara da shekaru, har mayaƙan su galabaita su ƙare.

A 2006 an dakatar da wani bincike mai suna SMART, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 5,000, domin an ga waɗanda ke hutawa da shan magani sun fi mutuwa. A 2008 kuma aka nuna cewa masu yawan intalukin-6 a jini su ne suka fi shiga haɗari.

Ina ruwan Rurum da wannan? Mu maƙwabtan madatsar ruwa ta Tiga ne, mun san sauro. Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka duka suna tayar da 'yan aiken nan, ƙwayar kuma ta ƙaru a jini. Saboda haka mai ɗauke da ita kada ya raina zazzaɓi ko tari, kada kuma ya ajiye magani don ya ji sauƙi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana gwaji yana ba da magani, kuma wanda ya riƙe shi yakan yi tsawon rai cikin ƙoshin lafiya.

Mu da muka sami ilimi, haƙƙi ne a kanmu mu kai wannan bayani gida, mu kuma daina ƙyamar maras lafiya, domin kunya ce ke hana da yawa zuwa karɓar magani.

Allah ya ba mu lafiya.