Haydn da Kiɗan Halittar Duniya



A shekarar 1791 Joseph Haydn, ɗan ƙasar Ostiriya, ya sauka Landan yana dab da shekara sittin. Ya shafe kusan shekara talatin yana tsara wa gidan sarautar Esterházy kiɗa, sunansa kuwa ya riga shi isa Ingila. A majami'ar Westminster ya zauna ya saurari waƙoƙin Handel daga bakin ɗaruruwan mawaƙa da makaɗa a lokaci guda, abin ya ratsa shi har ya ƙudura cewa shi ma sai ya bar wa duniya irin wannan aiki. Da zai koma gida a 1795 bayan ziyararsa ta biyu, Salomon, wanda ya gayyato shi, ya ba shi wani rubutu na Turanci kan halittar duniya, wanda aka harhaɗa daga Littafin Farawa da Zabura da doguwar waƙar John Milton. A Biyana, Gottfried van Swieten ya mayar da shi Jamusanci. Daga nan aka sami Die Schöpfung, wato Halitta, wanda aka fara ji a fadar Schwarzenberg a Afrilun 1798, sannan jama'ar gari suka ji shi a Maris na 1799.

Irin wannan aiki ana ce masa oratoriyo: labari ne na addini da ake rerawa, ba a yin wasan kwaikwayo da shi. Mala'iku uku ke ba da labarin, Jibrilu da Uriyel da Rafayel, kowa da muryarsa, taron 'yan amshi kuma na ɗaukar yabo duk sa'ad da aka kammala wani sashe na halitta.

Matsalar farko da ta tare Haydn ita ce wadda ta fi jan hankalina. Kiɗa tsari ne. To, yaya za a yi da tsari a nuna lokacin da babu tsari, babu siffa, sai duhu? Dabararsa ita ce ya riƙa yi wa kunne alkawari yana saɓawa. Sautuka su taso kamar za su sauka inda mai sauraro ke tsammani, sai su kauce. Sarewa ta ɗauko zance, ta bar shi bai ƙare ba. Goge ya biyo ta wata hanya, shi ma ya ɓace. Minti biyar ko shida ana wannan lalube, har mutum ya fara jin ƙishirwar wurin tsayawa. Sai Rafayel ya shigo da murya ƙasa-ƙasa, 'yan amshi su karɓa kamar masu raɗa, su kai ga umarnin da Allah ya ba haske, sannan su ce haske ya kasance. A kan wannan kalmar haske ta ƙarshe ce duk makaɗa da mawaƙa ke fashewa da sauti ɗaya mai ƙarfi, tsabtatacce, mafi sauƙi a duk ilimin kiɗan Turai. Ko ɗalibin shekarar farko ya san shi. Ƙarfinsa daga jiran da aka sa mu yi ya fito.

Bayan haka Haydn ya saki jiki. Za ku ji rurin zaki, da tsallen damisa, da sukuwar doki, da kukan kurciya, har da tsutsa tana jan ciki. Wasu masana na zamaninsa da na bayansa sun raina wannan, suna ganin wasan yara ne bai dace da maganar Ubangiji ba. Ban yarda da su ba. Mutumin da ya ba tsutsa rabonta a cikin waƙar yabo ya fahimci Littafin Farawa da yake karantawa, domin littafin bai ware ƙananan halittu daga abin da Mahalicci ya gani da kyau ba.

Sashe na uku na Adamu da Hauwa'u ne a cikin lambu, suna godiya. A nan aikin ya tsaya. Babu maciji, babu kora. Gargaɗi ɗaya kawai Uriyel ya yi musu kan son sanin abin da ya wuce iyakarsu. Ana iya cewa Haydn ya guje wa rabin labarin, amma ku tuna lokacin: Turai na cikin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan juyin juya halin Faransa, sojojin Napoleon sun tunkari Biyana a 1797. Dattijon da ke ganin wannan da idonsa ya san faɗuwar ɗan Adam sarai, da gangan ya zaɓi ya rera abin da ya gabace ta.

A ranar 27 ga Maris 1808 aka sake kaɗa Halitta a zauren jami'ar Biyana, Salieri ne ya ja ragama. A kan kujera aka ɗauko Haydn don tsufa, Beethoven, tsohon ɗalibinsa, na cikin masu tarbarsa. Ƙarfinsa bai kai shi ƙarshen taron ba, aka mayar da shi gida, ya rasu a shekarar da ta biyo.

Labarin halitta bai daina jan masu tsara kiɗa ba. A 1945 a Los Angeles, mutum bakwai, ciki har da Schoenberg da Stravinsky da Milhaud, suka raba surorin farko na Farawa a tsakaninsu, suka kai har ga Kayinu da Habila da hasumiyar Babila. A 1947 Aaron Copland ya rubuta nasa da muryoyi zalla, ba kayan kiɗa ko ɗaya. Ina roƙon ɗalibanmu, musamman masu rera waƙa a majami'u, su saurari na Copland da na Haydn a jere kafin zamanmu na gaba, domin a kansu za mu yi muhawara.